Sha'ibu da Na'urar Sunaye

Gardamar da Sha'ibu ya fara shan ƙasa a hannuna ya sha ta, ni Gwamma mai tuwon unguwar Tahaggart. Ya shigo rumfata da na'urar lissafi irin ta 'yan lise, wato 'yan sakandare, mai faffaɗan allo, wadda ya tsinta cikin tsofaffin kaya a kasuwar Asihar. Ya ce ya koya mata karɓar rubutu, in sa sunana.

Na danna G. Allo ya cika da G tun daga sama har ƙasa.

"Inna, yatsanki ne ya yi nauyi."

"Maigidana, shekara sittin yatsan nan na tuƙa tuwo, ba tukunyar da ta kai ƙara. 'Yarka ce ba ta da tarbiyya. Babba na magana tana amsawa sau ɗari."

Maginan da ke cin tuwo a rumfar suka kwashe da dariya. Ya cusa abarsa a aljihu, ya bar miyarsa.

Ɗan Maradi ne, ya bar makaranta saura shekara guda ya gama, ya tsallako iyaka ya zo nan yana kwaɓa siminti. Ran Juma'a, sa'ad da 'yan'uwansa ke wanki, shi yana siba, shagon hayar kwamfuta, da littafin rubutunsa, yana ɗura wa na'urar umarni da yaren da ya ce sunansa asambler. Wai yaren cikinta ne, ba tafinta tsakani. Kuskure ɗaya, sai ta sandare kamar jakin da ya ga gada.

Daga baya ya gane laifin. Na'urar tana leƙa maɓallanta sau dubbai kafin ka ƙifta ido, duk leƙawa ta tarar da yatsa sai ta ƙara harafi. Yatsun magina kuwa sun yi kanta, ba sa jin sun danna, sai su yi ta turawa. Ya fara sa mata ɗan jinkiri, bai yi ba, don nauyin hannu ba ɗaya ba ne. Sai ya hana ta karɓar harafi na biyu har sai an ɗaga yatsa, ko da za a kai la'asar.

Na ɗauka wasa yake. Ashe a ƙauyen Outoul rijiya ta rufta da wani da suka yi wata huɗu suna ci a kwano ɗaya. Dogo suke ce masa. Ba wanda ya san sunansa na yanka, balle garinsu, salularsa kuma tana ƙarƙashin ƙasa tare da shi. Haka aka binne shi. Tun ranar Sha'ibu ya rantse duk wanda zai hau motar aiki zai bar sunansa, garinsu da lambar wani nasa. Na'urar ba ta neman rezo irin na salula, ƙananan batura huɗu na kai ta watanni, kuma ɓarawo bai san me zai yi da ita ba.

Mutum talatin da ɗaya suka danna. Saura Muntari, babban maginin da zai kai su garin Idlès gina bango, wanda ya ce na'urar ba za ta hau motarsa ba, in Sha'ibu ya nace shi ma ya zauna.

"Kai yaro, shekara goma sha biyu ina garin nan ba takarda. Abin da ya tsare ni, ba wanda ya taɓa rubuta ni. In jandarma ya kama wannan na'urar, ka miƙa mu a faranti."

"Kawu, na sa mata maɓalli uku. In na haɗa su, komai ya goge."

"In ka samu sukunin dannawa."

Na ce Muntari ya yi gaskiya, don ni ina goyon bayan mai sayen tuwon mutum goma. Sha'ibu bai ko kalle ni ba, mara kunya. Ya ajiye na'urar kan tabarma gaban Muntari, ya faɗi maganar da ta sa dattijon ya goge yatsa a riga ya fara neman M.

"Kawu, jandarma bai taɓa tambayar sunan kowa kafin ya sa shi mota ba. Uwar 'ya'yanka ce za ta tambaya."