Kan Mashin da Na Sassaƙa a Plumstead

Har na yi ritaya ban manta da ranar da na kusa dawowa gida ba takardar shaida ba. Lokacin kuɗin mai ne, gwamnati ta tura mu kwas Landan daga sashen kayan tarihi, ni da Malam Ladan, wanda ya fi ni da mataki ɗaya kuma bai taɓa bari na manta ba.

Aikinmu tantance kawunan masu na dutse, waɗanda mutanen zamanin dauri suka yi farauta da su a Amurka. Kowanne da kwarmi daga gindi, inda ake kafa ƙota. Mai gajeren kwarmi ajinsa daban, mai kwarmi har kusa da tsini ajinsa daban. A auna, a zana, a ba shi lamba. Ladan ya ce shi ido kawai ya ishe shi.

Cika bakin nan ya ishe ni. Mako uku ina fasa dutsen ƙyastu a bayan gidan hayarmu a unguwar Plumstead, har na fitar da kan mashi guda mai kyau. Na shafe shi da ƙasa, na jefa a tiren da yake tantancewa.

Ya ɗaga, ya jujjuya. "Malam Isa, zo ka ga original. Aji na farko." Ya ba shi lamba, ya sa hannu.

Ban kai ga dariya ba sai ga Madam, tsohuwar Baturiyar da ke shugabantar sashen, ta ɗauki tiren. Dokar wurin kuwa, duk wanda ya shigar da jabu rajista kwas ɗinsa ya ƙare, ga ni ga Ladan mai sa hannu.

Ko tabarau ba ta sa ba. Ta bi gefen gindin da babban yatsa, sai jini.

"Masu yin na gaskiya dasashe nan suke yi, don kada ya yanke jijiyar ɗauri," in ji ta. "Wanda ya yi wannan bai taɓa dogara da mashi don abincinsa ba." Sannan ta dubi yatsuna, duk filasta.

Na amsa laifina. Ta soke lambar, ta ce ba za ta kai rahoto ba, amma sai na sassaƙa goma don gwada ɗalibai. Ladan bai sake yi mini magana ba sai a jirgi.

Shi ya sa nake ce wa sababbin ma'aikata su daina kallon inda abu ya yi kyau, su laluba inda mai shi ya sha wahala. Goman nan kuwa, Madam ta rubuta wa kowanne "Jabun Isa" da jan tawada. A duk Landan, nan kaɗai sunana ya shiga tarihi.