Ruwan da Inna Ta Ba Alhaji

Har yau, in maƙwabcinmu yana zuba fetur a janaretonsa, warin ya tsallako katanga ya shigo mini ɗaki, sai in ji bakina ya yi ɗaci. Mutane da hanci suke jin warin fetur, ni kuwa da harshe nake jin sa, domin na taɓa shan sa a ruwa, kuma na sha mari a kansa. Ina 'yar shekara goma a lokacin, a gidan kakannina da ke Tudun Wada.

Gidan ba wani babba ba ne, amma yana da rijiya, kuma rijiyar ce ta yi masa suna a layinmu. Kakana, wanda kowa ke kira Malam, shi ya sa aka haƙa ta a shekarar da ya auri kakata, Inna. Ruwanta garai-garai, ga sanyi, kuma ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa. Famfo sai ya ga dama yake kawo ruwa, don haka tun da sassafe za ka ji sallamar matan layi da ƙarar bokitai a tsakar gidanmu. Inna koko da ƙosai take sayarwa. In aka yabi kokonta sai ta ce ba gero ba ne, ba citta ba ce, ruwan rijiyarta ne. Tana faɗin haka ne da irin muryar da wasu mata ke ambaton ɗansu likita.

Aikina biyu ne a gidan. Da safe in ja ruwa in cika randa, da yamma in je sayen kananzir na fitila. To ka ga, ranar da wani mai sayen koko ya dawo da kofinsa ya ce yana jin warin mai, ba a tsaya neman mai laifi ba. Mahaifiyata ta tsinka mini mari, wai na taɓa guga da hannun kananzir. Inna ta sa na wanke hannu da toka, na sake wankewa da lemon tsami. Kwana uku ana haka, ina rantsuwa ana cewa in rufe baki. A rana ta huɗu wata maƙwabciyarmu ta ja ruwan da hannunta, ta fito da gugan cikin hasken rana, sai ga wani maiƙo mai launi-launi yana yawo a samansa. Babu wanda ya ba ni haƙuri. Inna dai ta ƙara mini ƙosai biyu a kan rabona, wanda a gidanmu shi ne ban haƙurin.

Bayan katangarmu akwai gidan mai. Mai shi ɗan layinmu ne, a gaban Inna ya girma. Yana saurayi fetur yake sayarwa a galan a bakin titi, kuma da kokonta yake karya kumallo. Allah ya buɗa masa, ya zama Alhaji, ya gina gidan man, ya koma wata unguwa da zama. A shekarar nan ma ya shiga siyasa, hotunansa sun cika bangon layi yana murmushi. Wani mai gyaran famfo ne ya fara faɗin abin da kowa ke zargi, cewa tankin da aka binne a ƙasa ya yi tsatsa, yana yoyo, man yana bin ƙasa yana gangarowa rijiyarmu.

Daga nan masu sayen koko suka ɗauke ƙafa. Matan layi suka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Tsakar gidan ya yi tsit da safe, sai kukan kaji. Na sha ganin Inna ta tsaya bakin rijiyar ta leƙa, ta daɗe, sannan ta mayar da murfin a hankali. Ban taɓa jin tausayin babba ba kamar yadda na ji nata a watannin nan.

A zaure kuwa muhawara ta ɓarke, kullum bayan La'asar. Malam tsohon akawu ne, ya yi imani da takarda. A ganinsa babu abin da wasiƙa mai ladabi ba za ta gyara ba, in dai an sa kwanan wata an kuma ajiye kwafi. Abokin gardamarsa autansa ne, ƙanin mahaifina, wanda muke kira Baffa. Yana karatu a jami'ar da ke unguwar Kongo a lokacin, ga tsawo, ga baki, kullum da jarida a hammata. Shi cewa yake a tare hanya, a hana kowace mota shiga gidan man har sai an tone tankin.

Malam ya rubuta wa Alhaji. Amsa ta zo cewa tankin na kamfanin da ke kawo mai ne. Ya rubuta wa kamfanin. Bayan makonni suka ce su mai kawai suke kawowa, abin da ke cikin ƙasa na mai wuri ne. Baffa ya ɗaga takardun biyu yana dariya, ya ce can kudu inda ake haƙo man, masunta sun fara rubuta wasiƙa tun kafin a haife shi, kuma har yanzu kifinsu mutuwa yake yi.

"Wanda za ka tare wa hanya, shi ya ɓata maka rijiya?" in ji Malam. "Ɗan acaɓa mai neman abin cefane, me ya yi maka?"

"Baba, in ba a takura wa kowa ba, ba wanda zai waiwayo."

Ina jin su ta bayan ƙofa, kuma gaskiya duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi nake ganin yana da gaskiya. Inna ba ta sa baki. In na kai mata labarin abin da aka faɗa, sai ta ce su biyun duk shan shayi suke yi da ruwan da ta saya.

Wata Asabar da safe, a farkon damina, Baffa ya yi abin da ya ce. Shi da samarin layi suka ciko bokitai da ruwan rijiyarmu, suka jera su a kan titi gaban gidan man, suka sa benci suka zauna. Na hau turmi na leƙa ta saman katanga. Kafin wani lokaci motoci sun yi layi, 'yan acaɓa suna ta danna oda, wani direban motar tumatir yana rantsuwa kayansa za su ruɓe. An zagi Baffa, an zagi har waɗanda suka haife shi. Amma na ga wasu sun sauko sun sunkuya sun shinshina bokitin, sun ɗago suna salati, wani ma ya jingine babur ɗinsa ya zauna kan bencin.

Ana cikin haka motar Alhaji ta iso. Ban ga wanda ya yi jifan ba, daga bayan taro dutsen ya fito. Gilashin gaba ya tarwatse. Alhaji yana baya, ko ƙwarzane bai samu ba. Direbansa ne ya fito jini na zuba daga goshinsa, kuma direban nan ɗan maƙwabciyarmu ne, wadda ta fara ganin maiƙon a guga. Baffa ya ruga ya tsaya gaban motar ya buɗe hannuwa yana ihu kada wanda ya ƙara. Taron ya watse da kansa, aka bar bokitai a kan titi.

Kwana biyu Malam bai amsa gaisuwar Baffa ba. Inna ce ta kira Baffa ɗakinta, ta ce ya je ya duba yaron mutane tun da shi ya tara jama'ar, ko da ba hannunsa ya ɗauki dutsen ba. Ya tafi kansa a sunkuye. Sai ga saƙo daga Alhaji cewa zai zo ganin Malam ranar Juma'a bayan masallaci. Ba mu san ko ƙara zai kawo ba, ko barazana. Malam ya fito da kwafin wasiƙunsa ya jera su bisa tsari.

Alhaji ya zo da mutum uku, cikin babbar riga fara, turarensa ya cika zauren. An gama gaisawa ke nan, Malam yana gyara murya, sai ga Inna ta yi sallama. Ita da ba ta shiga zaure in akwai baƙi maza. Tana riƙe da kwanon sha, wanda ake ajiyewa don manyan baƙi, an rufe shi da sabon faifai. Da idona na ga ta ja ruwan daga rijiya, ba daga randar ruwan saye ba. Ta durƙusa da ƙyar saboda gwiwarta, ta ajiye kwanon a gabansa.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ka san gidan nan tun kana yaro. Ba a fara magana sai baƙo ya sha ruwa."

Ɗaya daga cikin mutanensa ya yi wuf ya ce akwai ruwan gora a mota. Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Alhaji ya ɗaga faifan. Daga inda nake laɓe ina hango maiƙon yana juyawa a saman ruwan. Kai ma ka san yadda abin yake a wurinmu. Tsohuwar da ta girmi uwarka, wadda ka sha kokonta, ta durƙusa ta ba ka ruwa a zauren mijinta a gaban mutane, in ka ture kwanon ka gama yawo a unguwar, balle ga zaɓe yana matsowa. Ya daɗe yana kallon ruwan. Sannan ya yi bisimilla ya kai baki ya kurɓa, ya haɗiye. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Inna, wannan kuke sha?"

"Da shi muke wanka, da shi muke alwala. Ranar da 'yan garuwa ba su zo ba, shi muke sha. Wata huɗu ke nan."

Ta ɗauki kwanonta ta koma ciki. Ba a yi maganar gilashin mota ba a ranar, kuma Malam bai samu damar karanta ko wasiƙa ɗaya ba, abin da ya daɗe yana yi masa ciwo. Kafin Juma'a ta zagayo an rufe gidan man, an kawo masu tono. Da aka ciro tankin, ƙasansa duk ya huje. Alhaji ya riƙa aiko da tankar ruwa layinmu. An yashe rijiyar sau uku, kuma sai da damina biyu ta wuce kafin warin ya tafi gaba ɗaya. Ranar da Inna ta sake dama koko da ruwanta, kyauta ta raba wa duk layin. Ni ta fara ba wa, ta ce harshena ya fi na kowa sanin abin.

Gardamar kuwa ba ta ƙare ba, sai ma ta zama abin hirar gidan. Malam ya ce wasiƙunsa ne suka sa Alhaji ya san akwai hujja a rubuce. Baffa ya ce ba don an tare hanya ba, da Alhaji bai tako zauren ba. Malam ya ce to sai ya je ya faɗa wa direban haka, wanda tabon ke goshinsa har yau. Nan Baffa kan canja magana. Inna in an tambaye ta sai ta ce ita ba ta yi komai ba, baƙo ta ba ruwa. Na girma ina jin wannan kowace sallah, ana dariya, kuma ina jin daɗin cewa a cikin mutanen nan na tashi.

Malam da Inna sun rasu, Allah ya ji ƙansu. Baffa ya yi furfura, ya zama mai son a bi komai a hankali. Kwanakin baya 'ya'yana suka nuna masa a waya wasu matasan ƙasashen waje sun zauna a tsakiyar titi sun hana motoci wucewa, wai don a rage ƙona mai saboda duniya tana ɗumama. Babban ya ce sun yi daidai, ƙaramar ta ce zalunci ne ga mai sauri zuwa asibiti. Baffa ya ce shi dai kada a yi jifa, ya mayar musu da wayar.

Rijiyar tana nan, ɗan'uwana ne ke zaune a gidan. Ruwanta ba wari, ba maiƙo. Amma 'yan shekarun nan, da zarar zafi ya tsananta sai ta ja baya, bara ma laka gugan ya ɗebo. Wasu sun ce yawan rijiyoyin burtsatse ne a unguwar, wasu sun ce damina ce ta canja hali, tana makara, in ta zo kuma ta zubo a lokaci ɗaya ta wuce. Na tsaya a bakinta na leƙa, na tambayi kaina abin da Inna za ta yi. Ita ta san wanda ya ɓata mata ruwa, ta san uwarsa, kuma yana da kunyar da ta sa ya sha. Kwanon yana wurina, ni na gaje shi. Wanda ke ƙafar mana da rijiyar yanzu ban san sunansa ba, kuma ba zai taɓa yin sallama a zaurenmu ba.