Gurbin da Bai Ɗauki Gaisuwa Ba

A shekarun farko na zamana sakataren ƙungiyarmu ta yasar rijiyoyi, duk bayan girbi ni da shugabanmu mukan hau babur mu tafi wani shagon kwamfuta a Rano. Ƙungiya irin tamu ba ta biyan haraji, amma dole ta shaida wa hukumar haraji aikin da ta yi a shekara. Shi ke faɗa, ni ke rubutawa.

Dattijo ne da ko akuya ya tarar a hanya sai ya tambaye ta kwanan gida. Shekarar da aka koma cike bayanin a manhaja, ya gyara zama ya fara da sallama, ya gaida ma'aikatan haraji, ya tambayi iyalansu da gajiyar aiki. Bai kai ga rijiya ko ɗaya ba gurbin rubutun ya cika. Ina danna harafi, yana ƙin fitowa.

"Baba, wurin fa ya ƙare."

"To, ƙaro wani."

"Babu ƙari, iyakarsa ke nan."

Na yi dariya, shi bai yi ba. A shekarar ne amininsa ya rasu, wanda suka kafa ƙungiyar tare, kuma marigayin ne ya shiga rijiyar ƙauyen Fassi da kansa ya yashe ta, ga tsufa ga ciwon ƙafa. Baba yana son a rubuta wannan, hukuma ta sani.

Muka shiga rage zance. Zinyau da Rurum suka koma "ƙauyuka". Duk da haka bai shiga ba, sai dai a zaɓa: gaisuwar ko marigayin.

Baba ya daɗe yana kallon allon. A wajensa, mutum ya faɗa wa jama'a da zance babu gaisuwa rashin tarbiyya ne, kuma tausayinsa ya kama ni.

"Goge gaisuwar," in ji shi. "Bar mini shi."

Na goge. Sai ya matso kusa da kwamfutar ya yi sallama da baki, ya gaida ma'aikatan har da iyalansu. Mai shagon, da ya ga babu mai amsawa, ya amsa a madadinsu.

Ina kewar waɗancan tafiye-tafiyen. Bana ni kaɗai na je, don Baba ma ya rasu. Na rubuta shi a inda muka taɓa rubuta amininsa, gurbin ya ɗauke shi har da saura. Kafin in aika na yi sallama a hankali, mai shagon ya amsa.