Awa Ɗayar Yayana

Yayana a Abuja yake aiki, kuma tun da ya fara hawa jirgi bakinsa bai sake hutawa ba. Duk wanda ya ce masa ya yi nisa da gida, amsar ɗaya ce: "Wane nisa? Awa ɗaya ce fa zuwa Birnin Kebbi." Wallahi har yau na tsani awar nan.

Lokacin cirar albasa ciwon Baba ya tsananta, ni ke jinyarsa a gidanmu na Fagada. Abu ɗaya ya roƙa. Ya ce, "In ta Allah ta kasance, babban ɗana shi ka sa ni kabari da hannu nai." Na kira Yaya na faɗa masa. Ya ce aiki ya riƙe shi, in abin ya yi ƙamari in buga kawai, ai awa ɗaya ce. Na sake kira na ce, "Yaya, ko kunu ba ya wuce masa." Wai in daina tayar masa da hankali.

Baba ya cika da hantsi. Na buga, ashe ranar babu jirgin Birnin Kebbi, sai na Sakkwato. Ya ce kada a taɓa gawar sai ya zo, ya duba a waya, tsakanin filin jirgin Sakkwato da na Birnin Kebbi ko rabin awa ba a yi a sama.

Na ce, "A saman me? Ka taɓa ganin jirgin da ya tashi daga Sakkwato ya sauka Birnin Kebbi?"

Kai jama'a! Mutum da gemunsa, a kan hanyar nan aka haife shi, amma sai waya ce za ta gaya masa nisan gidan ubansa.

A wurinmu ba a ajiye gawa. An yi wanka, an sa likkafani, an gama haƙa tun kafin azahar. Ni na bi dattawa ina roƙo a ƙara jira, kunya kamar in nutse, mutane sun bar albasarsu a gona sun zauna cikin rana saboda shi. Aka yi mini kara har la'asar. Sai ga wayarsa daga Aliero, manyan motocin albasa sun tare hanya, yana ta ihu wai mu jira. Ƙanen Baba ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, ya isa hakanan. Zafi ya yi yawa, kak ka cuci mamaci." Liman ya miƙe.

Ni na shiga kabarin. Ni na karɓi Baba na kwantar da shi, ina sane ba ni ya roƙa ba.

Gab da magariba Yaya ya iso, shadda fes, yana jan akwati mai taya. Bai ko zauna ba ya fara bayani: jirgi dai bai makara ba, hanya ce ta cuce shi. Ya miƙo mini hannu. Ban wanke nawa ba tun daga maƙabarta, jar ƙasa har cikin farce. Na kama nasa na matse sosai, sai da ta shafe tafinsa.

Na ce, "Ga rabonka, Yaya."