Sunayen da Salisu Bai Rubuta Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanena Salisu, wanda 'yan Zongo suke kira Malam Mai Awon Kifi, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya tashi lafiya lau ran wata Talata, ya hau zemijan, wato acaɓa, zai tafi aji, mota ta buge su a hanyar Djidjolé. Kafin in isa asibiti an riga an rufe masa fuska. Matarsa da 'ya'yansa sun koma wajen danginta. Ni kuwa ya bar mini kwali tara cike da littattafan rubutu, da wani alkawari da ya hana ni sakat har yau.

Ni bandar kifi nake yi, sana'ar da na gada wajen uwarmu. Ina saye a bakin teku, in banda, in sayar a kasuwar Hédzranawoé, wani kuma a ɗora shi a mota ya yi arewa. Salisu shi ne ya yi boko mai zurfi, har ya zama malamin lissafi da ƙididdiga a jami'a, yana koyar da masu karatun gandun daji da na kamun kifi. Na taɓa tambayarsa me ya haɗa lissafi da kifi. Ya ce ba wanda zai iya ƙirga kifin teku ko itatuwan daji, amma idan ka ɗebi kaɗan ba tare da son zuciya ba ka auna, lissafi zai gaya maka halin da sauran suke ciki. Duk shekara yakan kwashi ɗalibai zuwa daji su auna kaurin itatuwa da igiyar awo. Wanda ya yi ƙiwa ya auna na bakin hanya kawai, ya sha faɗa, kuma sai ya sake aikin daga farko.

Da ya ce yana son ya riƙa auna kifi a bakin ruwa, ni na kai shi, don masunta ba sa son ganin mutum da biro. Ranar farko kuwa ya kusa ja mini abin kunya. Fo Kwami, babban masuncin da nake saye a wajensa tun ina budurwa, ya zaɓo manyan kifi masu kyau ya jere masa, yadda ake yi wa baƙo. Salisu ya yi godiya, ya ture su gefe, ya rufe ido ya cusa bokiti tsakiyar tulin kifin da aka sauke, ya ɗebo abin da ya samu. Fuskar dattijon ta canza. Sai da na yi kwana uku ina ba da haƙuri da yarensu na Mina, ina cewa yaron ba raini ya yi ba, haka aikinsa yake.

Daga baya suka yarda, amma da sharaɗi. Da yawansu suna aiki da raga mai ƙananan ido, wadda hukuma ta hana, kuma idan aka kama ana ƙwacewa. Suka ce ya auna abin da yake so, amma kada ya rubuta sunan kowa, ko irin ragarsa, ko wurin da yake sauke kifi. Ya amince. Suka ce ba su san shi ba, ni suka sani, don haka ni na tsaya masa, na rantse a gabansu. Kwale-kwale ashirin da uku ne, ya ba kowanne lamba. Wane ne ɗaya, wane ne goma, wace raga yake jefawa, wannan yana kansa da kaina kawai. Na ce masa ya rubuta ko a 'yar takarda ya ɓoye. Ya ce, "Yaya, takarda duk wanda ya ɗauke ta zai karanta. Ke kuwa ba mai karanta ki." Shekara goma sha shida yana zuwa sau biyu a mako, da katakonsa mai layin awo, yana cika littattafan nan.

Yau da zai dawo ya ga abin da nake shimfiɗawa a kan wayar banda, ban san me zai ce ba. Kifin da a da muke watsa wa kaji, shi muke bandawa yanzu, kuma ana rububinsa. Ina jin ba zai yi mamaki ba. Zai dai ce kada in yarda da idona, in bari a auna, ni kuma in ji haushi kamar yadda na saba.

Bara sai ga Afi, ɗaya daga cikin ɗalibansa, yanzu ita ce take koyar da darasin da yake koyarwa. Ta yi wata biyu tana zuwa gidanmu tana juye littattafan a kwamfuta. Ran da ta gama ta zauna a kan tabarma kusa da murhuna ta ce, "Hajiya, kifin yana ƙanƙancewa a cikin littattafan nan, shekara bayan shekara, a fili yake. Amma idan na kai rahoto haka, za a ce ba teku ce ta canza ba, raga ce, don mai ƙananan ido dole ta kamo ƙanana. Sai na raba kwale-kwalen, na san wanne ke da wace raga da inda yake sauka. In ba haka ba, aikin Malam ba zai tsaya a gaban kowa ba." Ta ce ba ta buƙatar suna. Na ce mata a bakin ruwan nan, idan ka faɗi raga ka faɗi wurin sauka, ai ka gama faɗin suna. Kuma ita da bakinta ta gaya mini cewa ofishin da zai karɓi rahoton shi ne mai aika masu ƙwace raga.

To ga inda nake. In na yi magana, 'ya'yan mutanen nan ne za su ji a jikinsu, don su suka gaji kwale-kwalen, wasu har da ragar, kuma su nake gaisarwa kowace safiya. In na yi shiru, shekara goma sha shidan ƙanena ta tafi a banza, ba kuma wanda zai iya komawa baya ya auna kifin da aka riga aka cinye. Wallahi akwai ranakun da nake jin haushin Salisu. Shi ya iya lissafi, ya san mutum biyu ba su da yawa, ya san ɗaya zai riga ɗaya tafiya, amma bai taɓa gaya mini abin da zan yi ba idan ni ce na rage.

Na je wajen Fo Kwami, don shi kaɗai ya rage a cikin waɗanda na yi wa rantsuwa. Ya tsufa, idonsa ya tafi, yana zaune a inuwar kwakwa yana lalube yana ɗinkin raga. Ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Tawa lambar na sake ki, ki faɗa mata, ragata ta haram ce tun farko. Sauran kuwa ba ni na ba ki amanarsu ba, ba ni zan karɓe ta ba." Na ce to 'ya'yansu fa, in tambaye su? Ya ce ranar da na tambayi mutum ɗaya, kafin azahar duk bakin ruwa ya san akwai littafi, kuma daga ranar in nemi wani wurin sayen kifi.

Na kai wa Afi lamba ɗayan nan. Ta rubuta, ta yi godiya, ba ta matsa mini ba. Ta ce kwale-kwale ɗaya ba ya isa a ce komai, Malam ne ma ya koya musu haka a makon farko. Har yanzu takan zo gaisuwa duk wata, da lemo a leda, ba ta tayar da zancen. Shirun nan nata ya fi tambaya yi mini nauyi.

Idan na auna abin da ya rage na Salisu, ɗalibansa suna nan, an ce har yau suna rufe ido kafin su cusa bokiti. Masunta kuma ba wanda ya taɓa rasa raga ta dalilinsa. Waɗannan biyun nasa ne, ba mai ƙwace masa. Na ukun ne, aikin littattafan nan da ya fi sha wa wahala, yake hannuna.

Na saba idan ina juya kifi a kan wuta in riƙa bin lambobin a zuci, kowace da fuskar mai ita. Juma'ar da ta wuce na zo kan goma sha ɗaya, fuska ta ƙi zuwa. Na koma farko sau uku, na bi ta wurin sauka, na bi ta sunan matarsa, babu. Allah Ya jiƙanka Salisu, Ya haskaka kabarinka, kuma ka yafe mini. Da na tabbata na manta, ba baƙin ciki na fara ji ba. Sauƙi na ji.