Hirar da Ta Rufe Bakin Mama

Shekarun baya, ina digiri na biyu, wata malamata ta ba ni rubuce-rubucen matan Latin Amurka, masu falsafa a kan macen da ke rayuwa tsakanin harsuna da al'adu. Na ji kamar da ni suke: yarenmu a gida, Hausa a kasuwar Kafanchan, Turanci a aji. Ko tuwo ake ci sai na yi wa ƙannena lacca, suna ta dariya.

Da malamar ta ce tana binciken rayuwar matan ƙauye, da rawar jiki na kai ta wurin mahaifiyata, ina riƙe mata jaka. Mun tarar Mama tana shanya citta. Ta bari, ta yanka kaza.

"Mama, ki saki jiki, maganar nan tsakaninmu mata ce," in ji malamar.

Mama kuwa ta saki. Ta faɗi abin da ko ni ban sani ba: marigayi Baba ya taɓa karya mata hannu, ta koma gidansu da cikina, ba ta dawo ba sai da ya durƙusa gaban dattawa.

Takardar binciken malamar ta fito a mujalla. Babu suna, amma ga ƙauyenmu, ga "shugabar zumuntar mata, matar marigayi dattijon coci". Mutum nawa ne haka? Har an kira ta Bahaushiya, don kawai da Hausa aka yi hirar. Ɗan kawuna ya gani a waya, ya fassara wa dangi. Ƙannen Baba suka zo har tsakar gida. "Kin tona wa mamaci asiri a gaban duniya!" Ranar Lahadi Mama ta ajiye shugabanci.

Na sami malamar a ofis, ina kuka.

"Ai ban sa suna ba," ta ce. "Kuma in ba mu yi magana a madadinsu ba, wa zai yi?"

Ba da daɗewa ba ta zama farfesa.

Mama ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "'Yata, kada ki ƙara kawo mini baƙi masu biro."

Yanzu ni ma ina koyarwa, kuma ina gaya wa ɗalibaina: wanda ya ba ka labarinsa, a ƙauyen zai kwana bayan ka tafi. Mama ta daɗe da shiryawa da dangi. Amma har yau, in Mama tana ba jikokinta labarin zamanin da, ina shigowa sai ta yi shiru, ta ce, "Kin ci abinci?"