Gemun Koci Orest da Bikin Larysa

Shekara goma sha huɗu Orest Hrycak ya yi yana cin abinci da wasan hoki na ƙanƙara, ɗan baya a ƙananan ƙungiyoyin yammacin Kanada. Sau tara ya jefa faifan da ake bugawa a raga, ya kuma bar haƙora shida a kan ƙanƙara. Da gwiwa ta ƙi, ya koma garinsu a Saskatchewan, aka ba shi kocin ƙungiyar garin, tunda babu wanda ya kai shi murya.

Kowa ya san dokar: da an shiga wasannin sili-ɗaya-ƙwale, reza ba ta taɓa fuskar kowa sai an fitar da ku ko kun ɗauki kofi. Orest bai taɓa karya ta ba. Sai dai gemunsa bai taɓa wuce kwana goma ba, don a zagayen farko ake koro su gida. Shi ya sa matarsa Darlene ta sa bikin 'yarsu Larysa a ƙarshen Afrilu, hankalinta kwance.

A shekarar nan yaran ƙungiyar suka ƙi faɗuwa. Sati shida ana ci, gemun Orest ya fito fari fat, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Biki ranar Asabar, wasan ƙarshe ranar Lahadi.

"Orest," in ji Darlene, ta ajiye reza kusa da farantin dankalinsa, "ba za ka raka min 'ya cikin coci kamar tsohon bunsuru ba."

"Haba, uwargida. Shekara ashirin da biyu nake jiran kofin nan. Kwana ɗaya ya rage."

"Hoton biki kuma shekara hamsin zai yi a bango."

Ya juya wajen Larysa neman agaji. Ta ce, "Yadda ka ga dama, Baba." Amma ta faɗe shi tana kallon ƙasa. Da safe ya aske.

Ranar Lahadi ya shiga ɗakin 'yan wasa da gyale naɗe har hanci, wai mura. Bai yi minti biyar ba ihu ya kwance gyalen. Maza ashirin masu gemu suka tsaya suna kallon haɓa sumul.

"Shi ke nan, Koci, ka kashe mu," in ji Dufresne, mai tsaron gida.

Suka fita kamar masu zuwa jana'iza, amma suka ci wasan biyar da ɗaya.

Ana ta ɗaga kofi, Orest na zaune a benci yana shafa haɓa, yana tuna ƙaiƙayin da ya sha a banza. Dufresne ya zo ya zauna kusa da shi.

"Koci, mun yi shawara. Ashe bikin ne sirrin. Kana da wata 'yar da za a aurar baɗi?"